John Wesley: Limamin Da Aka Rufe Wa Ƙofofin Coci

A ranar 1 ga watan Fabrairu na shekarar 1738 wani jirgin ruwa da ya taso daga Amurka ya sauke fasinjojinsa a garin Deal, a bakin tekun Ingila. Cikin waɗanda suka sauka akwai wani gajeren mutum mai shekara 34 da haihuwa, limami a Cocin Ingila, kuma malami a Jami'ar Oxford. Shekara biyu da 'yan watanni kafin wannan rana ya bar gida da burin yi wa ƙabilun asalin ƙasar Amurka wa'azin addinin Kirista. Ga shi ya komo bai ko sami damar fara wannan aiki ba, ya baro sammacin kotu a bayansa, zuciyarsa kuma cike take da tsoron mutuwa da shakkar imaninsa. Sunansa John Wesley.

Shekara 53 bayan haka, sa'ad da ya rasu, babu wani mai wa'azi a Birtaniya da sunansa ya kai nasa. Masu lissafi sun ƙiyasta cewa ya yi tafiyar mil 250,000, galibi a kan doki, ya kuma yi wa'azi sau 40,000. Abin da ya auku tsakanin waɗannan ranaku biyu labari ne na mutumin da ya karaya, ya sami waraka, sa'an nan ya shafe shekaru ana jifansa da duwatsu bai fasa aikin da ya ɗauka ba.

Gidan Epworth

An haifi John Wesley a shekarar 1703 a ƙauyen Epworth da ke lardin Lincolnshire. Mahaifinsa Samuel shi ne limamin cocin ƙauyen, mutum mai ilmi da zafin rai, wanda bai taɓa rabuwa da bashi ba, har ma aka ɗaure shi a kurkukun Lincoln saboda bashi a 1705. Mahaifiyarsa Susanna ta haifi 'ya'ya 19, kusan rabinsu suka mutu tun suna jarirai. Ita ce ta koya wa waɗanda suka rayu karatu, ta kuma ware wa kowannensu lokaci a mako domin su zauna su yi zancen addini su biyu.

Wata rana da dare a watan Fabrairu na 1709 gobara ta tashi a gidan. Kowa ya fita, sai aka lura an bar John, yana ɗan shekara biyar, a ɗakin sama. Matakala ta riga ta kama wuta. Wani maƙwabci ya hau kafaɗar wani, ya miƙa hannu ya zaro yaron ta taga, jim kaɗan rufin ya rufta. Har ya tsufa Wesley bai manta da wannan dare ba, yana ganin Allah ya tsame shi daga wuta ne domin wani aiki.

Ya shiga Jami'ar Oxford a 1720, aka zaɓe shi malami a Kwalejin Lincoln a 1726, aka naɗa shi cikakken limami a 1728. Daga 1729 ya shugabanci wata 'yar ƙungiya da ƙanensa Charles ya fara tarawa. Sukan tashi tun da asuba su yi addu'a, su yi azumi ran Laraba da Jumma'a, su ziyarci fursunoni, su tara kuɗi su biya wa waɗanda aka ɗaure saboda ƙananan basussuka. Sauran ɗalibai suka maishe su abin dariya, suka laƙaba musu sunan Metodis, daga wata kalmar Ingilishi mai nufin tsari, watau mutanen da suka ƙayyade wa kowace sa'a aikinta. Sunan ba'a ne, amma shi ya bi su har yau.

Faɗuwa a Georgia

Bayan rasuwar mahaifinsu a 1735, John da Charles suka amsa gayyatar James Oglethorpe, wanda ya kafa sabon yankin Turawa na Georgia a Amurka. A cikin jirgin akwai wasu Kiristoci masu jin Jamusanci da ake kira 'yan Morabiya. A ranar 25 ga Janairu 1736 guguwa mai tsanani ta taso, igiyar ruwa ta faɗo cikin jirgin, babban zanen da ke kama iska ya kece. Ingilishi suka yi ta kururuwa. 'Yan Morabiya kuwa, maza da mata da yara, suna tsakiyar waƙar ibada, ba su ko tsaya ba. Da guguwa ta lafa Wesley ya tambayi ɗayansu ko bai ji tsoro ba, mutumin ya amsa cewa ko matansu da 'ya'yansu ba sa tsoron mutuwa. Wannan amsa ta soki Wesley, domin shi ne limamin jirgin, kuma ya san ya tsorata ƙwarai.

A garin Savannah ya tarar da jama'a iri-iri, waɗanda talauci ya koro daga Ingila da 'yan kasada, ya kuwa ɗora musu dokokin ibada masu tsauri irin na Oxford. Ba a jima ba suka gaji da shi. Sa'an nan ya kamu da son wata yarinya, Sophia Hopkey, 'yar gidan babban alƙalin garin, Thomas Causton. Ya kasa yanke shawara tsakanin aure da zaman gwauro domin hidimar Allah, yarinyar ta gaji da jira ta auri wani a watan Maris na 1737. Bayan wata biyar Wesley ya hana ta karɓar Jibin Ubangiji a gaban jama'a, yana cewa ta yi sakaci da ibada. Mutanen gari suka fassara abin da kishi. Mijinta ya kai ƙara yana neman diyyar fam 1,000, aka jera wa Wesley tuhuma goma. Da ya ga an ƙi yanke shari'ar an kuma hana shi barin gari, sai ya sulale da dare ran 2 ga Disamba 1737, ya ratsa fadamu da ƙafa, ya kai Charleston ya shiga jirgi.

A kan hanyar komawa gida ya zauna ya yi wa kansa hisabi a littafin da yake rubuta al'amuransa na kullum. Hukuncin da ya yanke mai ɗaci ne: wanda ya tafi shiryar da wasu shi kansa yana bukatar mai shiryar da shi, addininsa kuma na lokacin kwanciyar hankali ne, da mutuwa ta leƙo sai ya watse.

Daren Aldersgate

Mako guda da saukarsa ya haɗu da wani saurayi ɗan Morabiya mai shekara 25, Peter Böhler, wanda ya yada zango a Landan kan hanyarsa ta zuwa Amurka. Da harshen Latin suke zance. Böhler ya gaya masa cewa ya kifa al'amarin ne: yana ta tara azumi da sadaka da tashin dare domin ya cancanci gafarar Allah, alhali kuwa, bisa koyarwar Bulus da Martin Luther, gafara kyauta ce da ake karɓa ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu, ayyukan kirki kuma su biyo baya kamar yadda 'ya'yan itace ke biyo bayan saiwa. Wesley ya ce in haka ne gara ya daina wa'azi, gama yaya zai ba wasu abin da ba shi da shi? Böhler ya hana shi. Ya ce ya ci gaba da yin wa'azin wannan bangaskiya har ran da zai same ta. Mutum na farko da Wesley ya yi wa irin wannan wa'azi wani fursuna ne a Oxford da aka yanke wa hukuncin kisa.

Ran Laraba 24 ga Mayu 1738 da yamma ya tafi wani ƙaramin taron addu'a a titin Aldersgate a Landan, ba da son ransa ba. Wani yana karanta gabatarwar da Luther ya rubuta wa Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa. Wajen ƙarfe tara saura kwata, in ji shi, ya ji wani ɗumi ya shiga zuciyarsa, ya kuma tabbata a ransa cewa gafarar da yake yi wa wasu bayani ta haɗa har da shi. Abin lura shi ne abin da ya fara yi a nan take: ya shiga yin addu'a domin waɗanda suka ci mutuncinsa suka tsananta masa. Mutumin da wata tara da suka wuce ya kunyata yarinya a gaban jama'a saboda ɓacin rai, yau ga shi yana roƙa wa maƙiyansa alheri.

Mabiyansa sun mai da wannan rana abin tunawa kowace shekara, amma masana tarihi sun lura cewa warakar ba ta kammala a dare ɗaya ba. A daren nan ma shakka ta komo masa. Ya tafi Jamus a damina ta wannan shekara ya zauna da 'yan Morabiya a garinsu na Herrnhut yana neman ƙarin haske. A Janairun 1739 har ya sake rubuta cewa bai kai a kira shi Kirista ba. Abin da ya samu a Aldersgate shi ne wurin dafawa. Ya daina auna matsayinsa a wurin Allah da yadda yake ji a ransa kowace safiya, wannan kuwa ya sake masa hannu ya juya ga mutane.

Fili ya zama coci

Sabon wa'azinsa bai yi wa limaman Landan daɗi ba. Coci bayan coci, da ya sauko daga mumbari sai a shaida masa kada ya sake dawowa. Kafin shekara ta ƙare ƙofofi kaɗan ne suka rage masa a buɗe.

A wannan lokaci wani abokinsa na Oxford, George Whitefield, ya fara yi wa masu haƙar kwal na Kingswood, kusa da Bristol, wa'azi a fili. Mutane ne da ba su da coci ba su da makaranta, 'yan birni suna tsoronsu kamar namun daji. Whitefield ya ba da labarin yadda hawaye ke tsaga farin layi a kan baƙaƙen fuskokinsu. Da zai tafi, sai ya kira Wesley ya karɓi aikin. Wesley mutum ne mai son tsari, a ganinsa wa'azi a wajen ginin coci ya yi kusa da zunubi. Amma ran 2 ga Afrilu 1739 ya hau wani ɗan tudu a bayan garin Bristol ya yi wa mutum kimanin 3,000 magana. Da ya ga yadda maganar ke shiga mutanen da ba wanda ya taɓa kulawa da su, sai shakkarsa ta fara raguwa. Ana iya cewa waɗannan talakawa su suka ƙarasa masa jinyar da aka fara a Aldersgate.

Bishop na Bristol a lokacin, Joseph Butler, shahararren malami ne. A watan Agusta ya kira Wesley ya gaya masa ba shi da izinin wa'azi a yankinsa, ya tattara ya tafi. Wesley ya amsa cikin ladabi cewa an naɗa shi ne a matsayin malamin kwaleji, ba a ɗaure shi ga wata gunduma guda ba, saboda haka duk inda ya ga zai yi amfani nan zai tsaya. A 1742 ya koma Epworth, mataimakin limamin cocin da mahaifinsa ya yi wa hidima kusan shekara 40 ya hana shi mumbari. Da yamma sai ya hau kan dutsen kabarin mahaifinsa a harabar cocin ya yi wa'azi, ya kuma maimaita haka kowace yamma har mako guda, jama'a na ta ƙaruwa. A watan Agusta na 1744 ya yi wa'azi a gaban Jami'ar Oxford ya zargi malamai da ɗalibai da riƙon addini na baka. Daga ranar ba a sake gayyatarsa ba.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu wa'azin zamaninsa shi ne tsari. A 1742 ana neman yadda za a biya bashin ɗakin taro na Bristol, sai wani tsohon matuƙin jirgin ruwa, Kyaftin Foy, ya kawo shawarar a rarraba jama'a rukuni-rukuni na mutum goma sha biyu, kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako. Wesley ya ga wannan hanya ta fi ƙarfin tara kuɗi. Rukunin suka zama wurin da masaƙa da maƙera da barori ke haɗuwa kowane mako su faɗa wa juna halin da zukatansu ke ciki, su tsawata wa mashayi, su tallafi marar lafiya. Ya kuma yarda waɗanda ba limamai ba su yi wa'azi, bayan mahaifiyarsa ta gargaɗe shi kada ya hana wani saurayi, Thomas Maxfield, wanda ta saurara ta kuma gamsu da shi.

Shekarun jifa

Hausawa na cewa icen da ke da 'ya'ya shi ake jifa, amma masu jifan Wesley suna da dalilansu. Limamai suna ganin ana shiga gonarsu ana kuma zubar musu da girma a gaban jama'arsu. Masu ƙasa da dukiya ba su saki jiki da ganin talakawa suna taruwa da shugabanninsu na kansu ba. Masu gidajen giya da masu shirya faɗan zakaru sun ga ciniki yana raguwa. Magidanta sun fusata da matansu da 'ya'yansu ke fita taro tun ƙarfe biyar na asuba. A wasu tarurrukan mutane kan faɗi suna makyarkyata suna kuka, abin da ya tsorata masu kallo. Bugu da ƙari, Ingila na cikin fargabar yaƙi, musamman a 1745 sa'ad da jikan tsohon sarki James na Biyu ya taso daga Scotland yana neman gadon sarauta, sai aka baza jita-jitar cewa Wesley ɗan Katolika ne a ɓoye, ɗan leƙen asirin abokan gaba.

Tun a 1740 wani abokin aikin Whitefield, William Seward, ya mutu bayan an jefe shi da dutse a kai a garin Hay, kan iyakar Wales. An kama wasu masu wa'azi aka sa su soja dole, kamar John Nelson, wani magini na Yorkshire, a 1744. An farfasa gidajen mabiya, an kwashe musu kaya.

Ran 20 ga Oktoba 1743 'yan tarzoma suka kewaye gidan da Wesley ya sauka a garin Wednesbury. Ya sa aka shigo da shugabanninsu ɗaya bayan ɗaya ya yi musu magana har suka huce, sa'an nan ya fita ya yarda su kai shi gaban alƙali. Cikin ruwan sama da duhu suka tafi gidan alƙali na farko, aka ce ya kwanta. Na biyu, a Walsall, shi ma ya ƙi fitowa. Kan hanyar komawa wani taron daga Walsall, wanda ya fi na farko yawa da mugunta, ya ƙwace shi. Aka ja shi ta gashi cikin titi, aka naushe shi a baki har jini ya fito, wasu na ihu a kashe shi. Da ya sami sarari ya tambaye su wane ne a cikinsu ya taɓa cuta, muryarsa ta dushe, sai ya shiga addu'a da ƙarfi. Nan take wani ƙato, ɗan dambe da ke kan gaban taron, ya juya ya tsaya a gabansa ya ce ba mai taɓa shi. Shi da wasu 'yan kaɗan suka fitar da shi. Wesley ya koma masauki ya rasa gefen falmaran ɗinsa da 'yar fatar hannu. Ɗan damben nan kuwa ya shiga ƙungiyar, ya zauna a cikinta har mutuwarsa.

A watan Yuli na 1745 aka sake yin irin wannan a Falmouth, a lardin Cornwall. Wasu ma'aikatan jirgin ruwa suka sa kafaɗa suka karya ƙofar ɗakin da yake ciki. Ya fito tsakiyarsu ba hula, domin kowa ya ga fuskarsa, yana tambayarsu ɗaya-ɗaya laifin da ya yi musu, har ya kai titi ba wanda ya ɗaga masa hannu. Ƙa'idarsa ke nan a duk irin wannan hali: kada ya juya wa taron masu fushi baya. Wanda ya tuna yadda wannan mutum ya yi rawar jiki a cikin jirgi shekara tara kafin nan zai gane girman canjin da ya same shi.

Raunukan cikin gida

Duwatsun 'yan tarzoma ba su yi masa ciwo kamar na makusantansa ba. Ya rabu da 'yan Morabiya a 1740 kan saɓanin koyarwa. A 1741 ya saɓa da Whitefield kan batun ƙaddara: Whitefield na cewa Allah ya riga ya zaɓi waɗanda za su tsira, Wesley na cewa ƙofar a buɗe take ga kowa. Sun shirya daga baya, har Wesley ne ya yi wa'azin tunawa da Whitefield a Landan bayan rasuwarsa a 1770. A 1749 ya yi niyyar auren wata gwauruwa, Grace Murray, sai ƙanensa Charles, wanda ke ganin auren zai rusa ƙungiyar, ya gaggauta aurar da ita ga wani. A 1751 ya auri Mary Vazeille, auren bai yi albarka ba. Ita tana kishin wasiƙun da yake rubuta wa mata mabiyansa, shi kuwa ya ƙi rage tafiya ko ta kwana ɗaya saboda ita. Ta bar shi sau da dama, ta rasu a 1781 ba ya nan. Masu rubuta tarihinsa sun yarda cewa laifin ba nata ba ne ita kaɗai, domin mutum ne mai kafiya, wanda ba ya son a raba iko da shi.

A ƙarshen 1753 ciwon ƙirji ya kwantar da shi har likitoci suka ɗebe tsammani, shi ma ya rubuta abin da za a sa a kan kabarinsa. Ya tafi jinya kusa da Bristol, da yake an hana shi hawan doki da wa'azi sai ya zauna ya rubuta sharhin Sabon Alkawari. Ya warke, ya ƙara shekara 37 a duniya. Ko a 1766, yana da shekara 63, ya rubuta wa Charles wasiƙa, wani sashenta da rubutun sirri, yana kukan cewa ba ya jin ƙaunar Allah a zuciyarsa yadda yake kwatanta wa mutane, amma duk da haka ba zai iya yin shiru ba. Shawarar da Böhler ya ba shi shekara 28 da suka wuce ita yake bi har lokacin.

Bai tsaya ga wa'azi kaɗai ba. A 1746 ya buɗe ɗakin ba da magani kyauta a Landan da asusun ba ƙananan masu sana'a rance. A 1747 ya wallafa ɗan littafin magunguna masu araha domin waɗanda ba su iya biyan likita. A 1748 ya buɗe makaranta a Kingswood. Littattafansa sun kawo masa kuɗi masu yawa, ya rabar da kusan dukkansu.

A hankali guguwar ta lafa. Bishop George Lavington na Exeter, wanda ya rubuta littafi mai zafi yana kwatanta 'yan Metodis da masu taɓin hankali, ya haɗu da Wesley a wurin Jibin Ubangiji a babban cocin Exeter a watan Agusta na 1762, mako biyu kafin rasuwar bishop ɗin, Wesley kuma ya rubuta farin cikinsa da wannan haɗuwa. A 1789 ya koma Falmouth yana tsoho mai shekara 86. Garin da aka karya masa ƙofa ya fito, manya da ƙanana, suka cika titi daga wannan ƙarshe zuwa wancan suna kallonsa cikin girmamawa.

Yaƙinsa na ƙarshe

Tun yana Amurka Wesley ya ga yadda ake yi da bayi a Carolina. A 1758 ya yi wa wasu bayi biyu baftisma a kusa da Landan, waɗanda maigidansu Nathaniel Gilbert ya zo da su daga tsibirin Antigua. A 1774, bayan ya karanta rubuce-rubucen Anthony Benezet na Philadelphia, ya fitar da ɗan littafi yana la'antar cinikin bayi, yana gaya wa masu jiragen da masu saye cewa jinin mutanen Afirka na wuyansu. A 1788 ya yi wa'azi kan wannan batu a Bristol, birnin da ya yi arziki da wannan ciniki, har hargitsi ya tashi a tsakiyar taron.

A kwanakinsa na ƙarshe yana karanta tarihin rayuwar Olaudah Equiano, tsohon bawa wanda ya ce an sato shi daga ƙasar Ibo. Ran 24 ga Fabrairu 1791 ya aika wa William Wilberforce, matashin ɗan majalisar da ke jagorantar yaƙi da cinikin bayi, wasiƙarsa ta ƙarshe. Ya gargaɗe shi cewa adawar mutane za ta gajiyar da shi in ba Allah ne ya tashe shi domin wannan aiki ba, amma in Allah na tare da shi kada ya karaya. Wanda ya rubuta wannan ya san abin da yake faɗa. Majalisar Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807, ta kuma zartar da dokar soke bautar kanta a 1833.

Wesley ya rasu ran 2 ga Maris 1791 yana da shekara 87, ya bar mabiya fiye da 70,000 a Birtaniya da Ireland, da wasu dubbai masu yawa a Amurka. Har ya mutu yana cewa shi ɗan Cocin Ingila ne, ko da yake tun 1784, da ya naɗa limamai da hannunsa domin Amurka, ya buɗe hanyar rabuwar da ta auku bayansa.

Masana sun daɗe suna gardama kan tasirinsa. Élie Halévy, Bafaranshe, yana ganin Metodis na cikin abubuwan da suka hana Ingila faɗawa juyin juya hali irin na Faransa. E. P. Thompson kuwa, a littafinsa na 1963, ya zarge su da horar da ma'aikata su yi wa masu masana'antu biyayya. Wasu suka amsa cewa a rukunan nan na mutum goma sha biyu ne da yawa daga shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago suka koyi magana a gaban jama'a da riƙon littafin kuɗi.

Aikin ya iso Afirka ta Yamma ta hannun 'yantattun bayi da suka sauka Freetown a 1792. Joseph Dunwell ya isa Cape Coast a farkon 1835 ya rasu cikin wata shida. Thomas Birch Freeman, wanda mahaifinsa ɗan Afirka ne, ya zo a 1838, ya kai Kumasi a 1839, ya sauka Badagry a watan Satumba na 1842. Makarantar Mfantsipim da suka kafa a 1876 ita ce ta yaye Kofi Annan.

A wasiyyarsa Wesley ya hana a yi masa jana'izar alfarma. Ya ce a nemo talakawa shida su ɗauki gawarsa, a ba kowannensu fam ɗaya. Saboda gudun turmutsitsin jama'a aka binne shi tun ƙarfe biyar na asuba, da hasken fitilu, a bayan cocinsa na titin City Road a Landan, daidai lokacin da ya saba hawa mumbari.